Amsa ga Abba kan mutumin da ya fito da laima

Abba, takwaran babana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da karatu. Saƙonka ya same ni bayan Isha'i, kuma sai da kakarka ta sa na karanta mata shi sau biyu, don ita ta ɗauka wani ka harbe da gaske. Da na ce mata a cikin kwamfuta ne, sai ta ce Allah ya shirya mata angon nata, ni kuma in daina biye maka.

Ga abin da na fahimta. Kana cikin wasan nan naku na jiragen yaƙin Hitila, kana tuƙa Spitfire a sararin Ingila na 1940. Ka daɗe kana bin wani mai jirgin Jamus Messerschmitt 109, da ƙyar jirginsa ya kama hayaƙi, ya fito da laimar dira daga jirgi, kai kuma ka kewayo ka ƙarasa shi yana lilo a sama. Abokan wasa suka yi maka ca, mai kula da zauren wasan ya kore ka na mako guda. Shi ne kake tambayata ko wannan al'adar Turawa ce kawai aka ɗora maka, tunda Bahaushe da bakinsa ya ce yaƙi ɗan zamba ne.

Karin maganar gaskiya ce, har tana da tushe a hadisi, don Buhari da Muslim duk sun ruwaito cewa yaƙi yaudara ne. Amma ka ɗauko ta ka ajiye inda ba mazauninta ba. Ka tuna ranar da na kai ka kallon dambe kana ɗan firamare, ka ɗare wuyana don ka hango fage? Duk wata dabara ta halatta ga ɗan dambe muddin abokin karawarsa yana tsaye. Ya ruɗe shi da hannun da ba zare, ya nuna masa sama ya kawo ta ƙasa, ya yi kamar ya gaji. In bahago ne ma ya ci ribar bahagancinsa, ba mai ce masa don me. Amma da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, an yi kisa ke nan, kuma ka lura kisa ake ce masa alhali ba wanda ya mutu. Wanda ya ƙara naushi bayan nan, ko mutanen ɓangarensa ba za su ɗaga shi ba, mai kalangu kuma ba shi da kirarin da zai yi masa. Haka kokawa take. Malamai ma, a babin faɗa tsakanin Musulmi, suna kawo hukuncin Sayyidina Aliyu ranar Yaƙin Raƙumi a shekara ta 36 bayan Hijira, inda ya hana a ƙarasa mai rauni, ya hana a bi wanda ya juya baya. To ka ga ba daga Turai muka aro ta ba.

Kada kuma in yi maka daɗin baki cewa matuƙan wancan zamani duk waliyyai ne. An harbi masu laima, kowane ɓangare ya yi. A lokacin babu dokar da ta ɗaure kowa. An rubuta wani daftari a Hague a 1923 da ya hana, amma ƙasashe ba su zartar da shi ba. Hugh Dowding, wanda ya jagoranci jiragen kare Ingila a 1940, shi da kansa ya yi lissafi mai sanyi: Bajamushen da ya fito da laima a kan Ingila fursuna ne tun yana sama, don haka a ƙyale shi, amma Baturen Ingila da ya fito a kan ƙasarsu gobe zai hau wani jirgi, saboda haka har yanzu mayaƙi ne. Ko da wannan ma'aunin aka auna ka, ka faɗi, don mutuminka a kan Ingila ya fito. Sai a 1977 aka sa haramcin a ƙarin yarjejeniyar Geneva, sashe na 42, aka ware sojan da ke dira da laima don kai farmaki, shi ba ya cikin kariyar. Kafin dokar, kunya ce kawai ke riƙe hannun mutum. Ranar 20 ga Disamba 1943 wani Bajamushe, Franz Stigler, ya riski wani jirgin jefa bom na Amurka, B-17, da aka yi wa kaca-kaca bayan harin Bremen. Ya hango masu rauni ta ramukan jikin jirgin, ya ƙi harbi, ya raka su har bakin teku ya juya. Shi da matuƙin, Charlie Brown, sun sadu a 1990, kuma duk a 2008 suka rasu.

Za ka ce wasa ne, ba jinin da ya zuba. Haka ne, shi ya sa ban ɗaga hankalina ba. Sai dai a bayan waccan laimar akwai wani ɗan mutane zaune a ɗakinsa kamar kai, wanda ya riga ya amsa cewa an ci shi. Zauren kuma yana da ƙa'idarsa tun kafin ka shigo. In ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma sai ka nemi taka ka liƙa.

Yanzu bari in zo inda na fi wayo, don shekara talatin da wani abu na yi hannuna cikin baƙin man jirage, ko da yake ban taɓa tuƙa ko ɗaya ba sai wannan naka na kwamfuta. A saƙonka ka ce ka bi shi kusan minti goma, harsashinka saura kaɗan. Nan haushin ya taru, laimar ce kawai ta tare shi. Na kuma san dalili, don na zauna bayanka da Ƙaramar Salla ina kallon hannunka.

Kana fizgar sandar tuƙi kamar baƙon mahayi da aka miƙa wa linzami ranar hawa. Linzaminmu na Hausa mai ƙarfi ne, shi ya sa gwani da yatsa biyu yake magana da doki. Dubi masu jahi a Ƙofar Soro: sukuwa suke zuwa, sai dab da Sarki su yi zamiya, kuma ba ka ganin hannunsu ya yi wani tashin hankali. Wanda bai iya ba shi ne zai ja da ƙarfi doki ya yi tabarya ya zubar da shi. Spitfire ma bakinsa laushi gare shi, musamman wajen ɗaga kai. Duk lokacin da ka ja sanda da ƙarfi a kwana, gudu kake zubarwa. In jirgin ya fara kakkarwa, gargaɗi yake maka cewa iska na shirin sakin fiffike, sai ka sassauta kaɗan ka tsaya a bakin wannan kakkarwar. In ka ƙi ji, ya kife ya shiga katantanwa.

Na biyu, kana yarda ka sauko ƙasa da wuri. Nisan da ka yi sama hatsi ne a rumbu: ko yaushe kana iya sauko da shi ka mai da shi gudu, amma in ka rabar, sai ka sake nomawa, abokin gaba kuma ba zai jira damina ba. Mai 109 da ya san aikinsa shirwa ce. Ba ta tsayawa kokawa da kaza a tsakar gida. Daga sama take tahowa, ta cikin rana in ta samu, ta sura ta koma. Wannan ita ce zambar da karin maganarka ke nufi, kuma tun 1916 gwanin matuƙin Jamus Oswald Boelcke ya koya wa yaransa su sa rana a bayansu. Kai abin da Allah ya hore wa jirginka shi ne kwana: Spitfire ya fi 109 iya juyawa a ƙuntataccen wuri. In ya taho, ka juyo cikinsa, ka bar shi ya wuce, kada ka bi shi sama kana haki.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne lokacin da ya tsunduma ƙasa, kai ma ka tura sanda gaba, injinka ya yi tari ya ɗauke, ka ce kwamfutar ce ta lalace. Lafiyarta lau, masu wasan sun yi aikinsu ne. Injin Merlin da ke cikin Spitfire na 1940 kafireto gare shi mai fulot, ɗan uwan na tsohuwar Fijo ɗin da ka taso ka gani a ƙofar gidan nan. In ka tura hancin jirgi ƙasa farat ɗaya, duk abin da ke ciki sama yake yi, har man da ke cikin kwanon kafireton, sai inji ya rasa mai, sannan kuma man ya dawo ya shaƙe shi. Injin Daimler-Benz na 109 kuwa famfo ne ke tsarta masa mai kai tsaye cikin silinda, ko a kife yake ba ruwansa. Jamusawa sun san haka, shi ya sa tsunduma ta zama ƙofar gudunsu. Matuƙan Ingila sai suka koyi su fara mirgina jirgin ya koma rigingine, sannan su ja sanda, don man ya zauna inda yake. A 1941 wata injiniya, Beatrice Shilling, ta fito da wani ɗan wosha mai huda da ake sa wa a bututun mai, ya rage matsalar sosai. Mu masu sufana muna son labarin nan, don ƙaramin ƙarfe ne da bai kai kwabo girma ba.

Sai harsashi. Bindiga takwas ce a fukafukanka, kowace da harsashi 300, duka-duka daƙiƙa goma sha biyar ko sha shida ne in ka danne ba saki. Kuma an karkata bakunansu ne su haɗu a wuri guda. Da farko yadi 400 aka sa, da aka sha wuya aka dawo da shi 250. Kai kuwa tun jirgin yana kamar ƙuda kake fara ɓarin wuta. Ka matsa har ya cika maka gilashi, ka ba shi daƙiƙa biyu, ka saki. In yana kwana, gabansa za ka harba, kamar mai jifan tantabara da gwafa. Kuma ka riƙa waiwaye. Sailor Malan, mutumin Afirka ta Kudu, ya gargaɗi matuƙansa kada su miƙe sak fiye da daƙiƙa 30 a fagen fama. Kai da ka kewayo kan laimar nan, da abokin tafiyarsa yana kusa da tuni ya gama da kai.

Tashi daga fili ba sai na tsawaita ba. Farfela na jan hancin jirgin hagu, ka ƙara totur sannu a hankali kana taka ƙafar dama. Kada kuma ka daɗe a ƙasa inji na aiki, don ƙafar taya na tare wa lagireto iska, yanzu ya tafasa.

Kada ka ɗauka jiragen nan ba su san mu ba. Daga Satumbar 1940 aka riƙa kawo jiragen yaƙi na Hurricane a akwati zuwa Takoradi ta ƙasar Gana a harhaɗa, su biyo ta Ikko, su sha mai a Kano da Maiduguri, su ratsa Sudan zuwa Masar. Akwai ma rundunar Spitfire ta 91 da aka laƙaba wa sunan Nijeriya, saboda kuɗin da aka tara a ƙasar nan.

Shi kuma wanda ka ci sunansa, bai taɓa shiga jirgin yaƙi ba, a ƙasa ya yi nasa. Yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a kwarin Kaladan, can Burma da tsofaffi ke ce wa Boma, ƙasar da Sarki Usman Nagogo ya je har can ya duba sojojinmu. Babu hanyar mota zuwa inda suke, abincinsu duka daga sama jiragen Dakota ke jefo musu. Ya kan ce in suka ji ƙugin jirgi sai kowa ya ɗaga kai yana ƙirga laimomi, don yawansu shi ne yawan shinkafar makon. Har ya tsufa yana da wani guntun ƙyallen laima a ƙasan adakarsa, da shi yake naɗe takardar sallamarsa. Ban sani ba ko da zai gane wasanku, amma da na ce masa takwaransa ya ga laima ya buɗe mata wuta, na san irin kallon da zai yi mini.

Ka rubuta wa mutumin nan layi biyu ka ba shi haƙuri, kada ka haɗa da bayanin minti goma da harsashi. Makon da aka ba ka kuma ka yi shi kai kaɗai kana tashi da sauka, da mirginawar nan kafin tsunduma, har hannunka ya daina shawara da kai. In za ka zo Babbar Salla ka taho da sandar, amma wannan karon ni zan hau 109 ɗin. Kakarka ta ce ka taho mata da turaren da ka yi alkawari, in ba haka ba ita ma ta kore ka na mako guda. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.

Kakanka,
daga Katsina