Tambaya da Amsa: Wai dabba ta san mutuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya. Akuyata ce ta haihu ɗa ɗaya, bai kai sati biyu ba muka wayi gari ya mutu, yara suka ɗauke shi tun da asuba suka kai bayan gari. To wallahi tun ranar take kuka, ko dusa ta ƙi ci sai dai ta yi ta zagaye turke tana shinshina wajen da yake kwanciya, ni har tausayinta ya hana ni barci. Maigida ya ce ba komai bane nono ne kawai ya cika mata hantsa. Wai da gaske dabba tana sanin mutuwa ko mu ne muke ɗora mata namu tunanin? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Maigida yana da gaskiyarsa, hantsar da ba a tsotsa ba tana ciwo sosai kuma tana sa akuya kuka, amma kalmar "kawai" ɗin nan ce ban yarda da ita ba. Akuya tana haddace warin ɗanta ne tun a awannin farko da ta lashe shi, kuma akwai binciken da aka yi a jami'ar Queen Mary ta Landan a 2012 da ya nuna uwar akuya tana gane kukan ɗanta ko da an yi wajen shekara da yaye shi. Kinga dabbar da take riƙe muryar ɗanta haka ai ba za a ce nono ne kaɗai ke damunta ba, nemansa take yi, kuma abin da ya ƙara mata wahala shi ne an ɗauke shi bata gani ba.

Maganar ko ta "san" mutuwa kuma, sai mun raba abu biyu. Akwai sanin da ɗan Adam ya yi cewa kowa zai mutu har da shi kansa, wannan ba wanda ya nuna dabba tana da shi. Akwai kuma gane cewa wannan da yake motsi jiya yau ya daina kuma ba zai tashi ba, da jin zafin rashinsa, to wannan kam shaidu sun yi yawa. A gandun dajin Samburu na Kenya a 2003 wata uwar garken giwaye da masu bincike suke kira Eleanor ta faɗi, sai ga wata giwa Grace wadda ba ma danginsu ɗaya ba ta zo tana cusa haurenta tana ƙoƙarin ɗaga ta, ta miƙar da ita ta sake faɗuwa, bayan ta mutu kuma giwaye daga gidaje daban daban suka yi kwanaki suna zuwa wajen gawar suna taɓa ta. A Bossou ta ƙasar Gini, a shekarar dai, cutar numfashi ta kashe birai cimfanzi biyar, uwa biyu suka ci gaba da ɗaukar gawar 'ya'yansu, ɗaya kwana 19 ɗaya kuma mai suna Jire har kwana 68, gawar ta bushe ƙayau amma tana kore mata ƙuda tana goya ta duk inda za ta. A teku ma haka, a 2018 wata oka, babbar dabbar ruwa ce mai shayarwa dangin dolfin, da ake kira Tahlequah ta yi kwana 17 tana tura gawar jaririnta da kai a ruwan da ke tsakanin Amurka da Kanada, ta yi tafiyar wajen kilomita 1,600 a haka, in ya nutse ta bi shi ta ɗauko.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Flint, ɗan cimfanzi mai shekara 8 a dajin Gombe na Tanzaniya (ba Gomben mu ba) wanda masaniyar birai Jane Goodall ta bi rayuwarsa. Uwarsa Flo ta mutu a 1972, shi kuma da ma ya shaƙu da ita fiye da ƙima, ya daina ci, ya daina bin sauran, yana komawa bakin rafin da ta mutu, bai cika wata guda ba shima ya bi ta. Ni dai duk sunan da masana za su ba wannan, baƙin ciki nake kiransa.

Abin yi yanzu Hajiya, a tatse mata nonon kaɗan kaɗan don hantsar ta saki, kar a tatse duka don hakan ƙara kawo shi yake, a duba in ta yi zafi ko tauri ko nonon ya canza kala to a kira likitan dabbobi. Kar a ɗaure ta ita kaɗai, akuya dabbar garke ce kaɗaici yana ƙara mata damuwa, a kawo mata ɗanyen ganye da harawa. In ta wuce kwana biyu bata ci ba kar ki ce jimami ne ki zauna, wataƙila abin da ya kashe ɗan yana jikinta. Nan gaba kuma in Allah ya kawo irin haka, in ba cuta mai yaɗuwa ake zargi ba, a bar mata gawar ta ɗan yi awanni tana shinshinawa tana zungurinsa, sau da yawa ita da kanta za ta juya ta tafi kuma neman yakan fi sauƙi.

TAMBAYA: Malam na ga tururuwa suna ɗauke 'yar uwarsu da ta mutu suna fita da ita daga rami, jana'iza suke yi? Daga wani ɗalibi a Maradi.

AMSA: Ɗan uwa wannan tsafta ce. Masanin nan Edward Wilson na Amurka ya gano tun 1958 cewa gawar tururuwa in ta kwana kamar biyu tana fitar da wani sinadari mai suna oleyik asid, shi suke ji su ɗauke ta su kai juji don kar cuta ta shiga gida. Da aka shafa wa mai rai sinadarin sai suka ɗauke ta tana wutsil wutsil suka kai ta jujin, sai da ta goge jikinta tas suka ƙyale ta. Hankaka ne nasa ya fi zurfi, in suka ga gawar ɗayansu sai su taru suna ihu, kuma a Siyatil ta Amurka an gwada, aka wallafa sakamakon a 2015, an ga suna riƙe fuskar mutumin da suka gani da mataccen hankaka a hannu su yi ta masa ihu har makonni bayan nan, wato suna koyon inda hatsari yake. In ka tuna a Suratul Ma'ida aya ta 31 hankaka ne Allah ya aiko yana tona ƙasa ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai binne ɗan uwansa.

TAMBAYA: Ni mahauci ne Malam, wani lokaci in na kama rago sai in ga kamar ya san abin da za a yi masa, yana turjewa yana fitsari. Ya sani ne? Daga wani bawan Allah a Kano.

AMSA: Sannu da aiki Alhaji, na ji daɗi da ya zama mai sana'ar ne da kansa ya yi wannan tambayar. Abin da yake tabbas shi ne rago yana jin tsoro sosai kuma yana karanta tsoron 'yan uwansa, yana jin kukansu, dabbar da ta firgita ma warin fitsarinta daban yake kuma na bayanta suna ji. Sannan tunkiya ba sakarya bace kamar yadda ake mata kallo, a Kambirij ta Ingila an nuna a 2001 cewa tana iya riƙe fuskokin tumaki 50 har shekara biyu. To ka raba shi da garken da ya sani, ka ja shi da igiya a ƙasa mai santsi cikin ihu da baƙin fuskoki, ko bai san mene ne yanka ba ai ya riga ya sha azaba kafin wuƙa ta taɓa shi.

Kuma addini bai jira bincike ba, Manzon Allah (SAW) ya ce in za a yi yanka a kyautata, a wasa wuƙa a hutar da abin yankan, ya kuma yi wa mutumin da ya kwantar da akuya sannan ya tsaya wasa wuƙa tana kallo faɗa, malamai suka karhanta yanka wata a gaban wata. Abin da nake gani ranar babbar sallah yana ɓata min rai gaskiya, raguna biyar a jere a ƙofar gida ana yi ɗaya bayan ɗaya sauran suna tsaye a cikin jini, yara suna dukan na ƙarshe da kara. Ba kuɗi ake kashewa ba wajen gyara wannan Alhaji, a wasa wuƙa tun kafin a kawo shi, a ba shi ruwa, a bar sauran a bayan katanga ko a kare su da buhu ko tabarma, a zuba ƙasa ko ruwa a kan jinin kafin a kawo na gaba, kuma a tafi da shi a hankali kar a ja shi da ƙafa ko kunne. Naman ma ya fi kyau, don dabbar da ta daɗe a wahalce kafin yanka namanta yakan yi duhu ya bushe kuma ya fi saurin lalacewa a kan tebur.