Ku Tambaye Mu: Ƙauyen Telugu a Takarda da Ƙauyen Telugu a Ƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana karatu a Haidarabad ta ƙasar Indiya, an ba shi aikin rubutu a kan wani ƙauye na masu jin yaren Telugu. Takardar ƙidaya ta ce mutanen ƙauyen sun haura dubu biyu, shi kuwa da ya je bai ga gidajen da za su ɗauki rabin haka ba. Ƙidayar ce ta yi kure ko shi ne bai gane ba?
Wani malamin makaranta, unguwar Zariya, Maraɗi

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai yiwuwa babu wanda ya yi kure. Abin da hukumar ƙidayar Indiya ke kira ƙauye yanki ne na haraji mai iyaka a taswira, da gonakinsa da dajinsa da duk tungayen da ke cikinsa. Ƙanenka ya ga uwar gari ne kawai. A ƙasar Telugu unguwar Dalit, wato mutanen da tsarin al'adar Hindu ya ajiye a mataki na ƙasa, takan zauna a gefe, ƴan ƙabilar Lambadi kuma suna da nasu matsugunin da ake ce wa tanda, wani lokaci kilomita biyu ko uku daga gari, kuma duka a lissafi ɗaya suke.

Abu na biyu, alƙaluman na 2011 ne. An ƙirga gidaje a 2010, aka ƙirga mutane daga 9 zuwa 28 ga Fabrairun 2011, ƙidayar 2021 kuwa korona ta sa aka ɗage ta. To Fabrairu rani ne a can. Wanda ya tafi ci-rani bai kwana gida ba a waɗannan kwanaki, ba a ƙauyensu aka rubuta shi ba, wanda ke aiki a Dubai ko Saudiyya kuwa bai shiga lissafin ba sam. Yankin Mahabubnagar ya yi suna da fitar leburori, Karimnagar da Nizamabad da tafiya ƙasashen Larabawa. In ya tarar mata sun zarce maza nesa, ya fara tambayar ina mazan suke. Ma'auninsa shi ne mace 993 ga kowane namiji 1,000 a tsohuwar jihar Andhra Pradesh ta masu jin Telugu, alhali Indiya gaba ɗaya 943.

Ya kuma tabbatar ƙauyen da yake nufi ne ya ɗauko. Sunaye irin Kothapalli sun cika ƙasar, don haka suna kaɗai ba ya isa. Ya haɗa da mandal (ƙaramar hukumar da ta maye gurbin taluk a 1985), da gunduma, da lambar ƙauyen mai alƙaluma shida. Gundumar ma ta wancan lokacin zai nema, domin an cire jihar Telangana daga Andhra Pradesh ranar 2 ga Yunin 2014, gundumominta 10 suka koma 31 a 2016, daga baya 33, na Andhra 13 kuma suka zama 26 a 2022. Duk wanda ya buɗe kundin 2011 da sabon sunan gunduma zai sha wahalar banza.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne lissafin masu karatu. Ba a sa yara ƴan ƙasa da shekara bakwai a ciki. A ce mutum 2,000 ne, yara 200, masu iya karatu da rubutu 1,080. Za a raba 1,080 da 1,800, a sami kashi 60 cikin 100. Wanda ya raba da 2,000 zai sami 54, ya ɗauka hukuma ta ƙara gishiri. Haka ma manomi mai gonarsa layinsa a takardar ƙidaya daban ne da na ɗan ƙwadago, kuma tazarar da ke tsakanin layukan biyu ita ce ke nuna ko ƙasar a hannun ƴan tsiraru take.

Tambaya: Ni ɓangaren tarihi ya dame ni. Ƙauyen da babu sarki mai maroƙa da jerin sarauta irin namu na Katsina da Gobir, ta ina ake kamo tarihinsa?
Wata ɗalibar jami'a, Maraɗi

Amsa: Malama, ki fara da tabki. Yawancin ƙauyukan tudun Telangana a gindin wata madatsar ƙasa suke, wadda ke tare ruwan damina don noman shinkafa. Sarakunan Kakatiya na Warangal, tsakanin ƙarni na 12 da na 14, sun gina irinsu da yawa, har da Ramappa da Pakhal da ke aiki har yau. Sau da dama akwai dutse mai rubutu a bakin tabkin ko a ɗakin bauta, ɗauke da sunan wanda ya haƙa ko ya ba da gona. Shekarar da ke kan dutsen galibi ta lissafin Saka ce, sai ki ƙara 78 ki sami ta miladiyya. A takardun haraji kuma shekarar Fasli za ki gani, ita 590 ake ƙara mata. Wanda ya rikita biyun ya kauce da fiye da shekara 500.

Sai ki gano a wane mulki ƙauyen ya kasance kafin 1948, don shi ke faɗa miki inda takardun suke. Telangana tana hannun Nizam, sarkin Haidarabad, takardunsa da Urdu, na da can da Farisanci. Manyan masu ƙasa da ake kira dora suna sa talakawa aikin tilas, abin da ya jawo boren manoma na 1946 zuwa 1951, kuma tsofaffin ƙauye sun fi riƙe wannan zamanin da komai. Yankunan Andhra na bakin teku da Rayalasima kuwa Turawan Ingila suka mulke su daga Madras. A wajen 1800 zuwa 1820 wani jami'in Turawa mai suna Colin Mackenzie ya aika mutane suka rubuto labarun ƙauyuka, ana kiransu kaifiyat. Suna da amfani, sai dai almara da gaskiya a cakuɗe suke. In ƙauyen a ƙasan kogin Godavari yake, ki duba kafin 1852 da bayanta, shekarar da aka gama madatsar da injiniya Bature Arthur Cotton ya gina a Dowleswaram, don ita ta mai da yankin gidan shinkafa ta jawo baƙi.

Kowane ƙauye yana da magatakarda na gado, karanam a Andhra, patwari a Telangana, mai riƙe littafin gonaki. Babban ministan jihar Andhra Pradesh na lokacin, N. T. Rama Rao, ya soke wannan gado a tsakiyar shekarun 1980, amma littafin na nan, adangal ko pahani, gona bayan gona da sunan mai ita. Zuriyar magatakardan takan riƙe tsofaffin kwafi a gida. A saurare su da hankali, domin kakansu ne ya yi rubutun, kuma yana da nasa ɓangaren a kowace rigimar gona. Ki je unguwar Dalit da tanda ki ji nasu bakin kafin ki rubuta cewa wane ne ya kafa gari.