Kuɗin da za mu yi wa gidan marigayi

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce bayan kun gama awon gidan nan na Jekadafari a Gombe, wanda aka ba mu aikin kimanta kuɗinsa, babban ɗan marigayi ya ja ka gefe ya roƙi mu sassauta kuɗin gidan a takarda, wai kada harajin gwamnati ya cinye musu gado, kuma ai duk uba ɗaya ne, ba wanda zai cutu. Kana tambaya ko da laifi, kana kuma son sanin wane farashi za mu rubuta, na 2021 da mahaifinsu ya rasu ko na yau.

Bari in fara kawar da maganar haraji, don ita ce mai sauƙi. A Najeriya babu harajin gado. An taɓa kafa dokarsa a 1979, aka soke ta a 1996. Wanda mutane ke jin labarinsa na ƙasashe irin su Ingila ne, inda gwamnati ke karɓar kashi 40 cikin ɗari na abin da ya haura fam 325,000. Abin da ake biya a nan shi ne kuɗin ofishin Babbar Kotu mai kula da dukiyar mamata, kafin ya ba da takardar izinin da banki ko kamfanin fansho ke nema kafin su saki kuɗin marigayi. Gaskiya ne da ƙimar dukiya ake lissafa shi, kuma kowace jiha da tsarinta. Amma ɗan abin da za a rage a can bai kama ƙafar abin da wasu za su rasa a cikin gidan ba.

Ka tambayi kanka, wa ke zaune a gidan yanzu? Shi ne, da iyalinsa. Ranar rabo shi zai ce a bar masa gidan, ya biya sauran magada kuɗi. To ɗauki biro mu lissafa. A ce gidan ya kai naira miliyan 24, an riga an biya bashi, an fitar da wasiyya, iyayen marigayi kuma sun riga shi. Ya bar mace ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku. Tumunin matar miliyan 3 ne. Saura 21, a kasa bakwai tunda namiji rabon mata biyu yake ɗauka: kowace 'ya miliyan 3, kowane ɗa miliyan 6. Yanzu mu rubuta miliyan 16 kamar yadda yake so. Tumuni ya koma 2, kowace 'ya ta koma 2, ƙanensa ya koma 4. Shi da ya kamata ya fitar da miliyan 18 ya riƙe gida, sai ya fitar da 12. Miliyan 6 ɗin nan ta bar hannun matar ubansa da ƙannensa ta shige aljihunsa, kuma da sa hannunmu da hatiminmu ta shige.

Ba na cewa da mugun nufi ya zo maka. Da yawa ba su taɓa zama sun yi wannan lissafin ba. Amma mu mun yi, don haka ba mu da uzuri. Allah da kansa Ya yanka waɗannan kasonni a Suratun Nisa'i, alƙali kuma zai raba su daidai, sai dai fa a kan lambar da muka miƙa masa zai raba. In muka karkatar da ita, ya yi adalci a kan ƙarya. Kuma ka sani 'yar da ke gidan aure a Kumo ko Bajoga ba za ta zo ta ɗaga murya gaban yayanta ba. Kunya za ta hana ta, ta karɓi abin da aka ba ta ta yi godiya. Saboda irinta ake kiran mai kimantawa daga waje.

Batun rana kuwa, ya danganta da inda takardar za ta. Wadda za a kai Babbar Kotu don karɓar izini, ƙimar ranar rasuwa ake sa mata. Wadda za a yi rabo da ita a gaban alƙali ko malamai, farashin yau za ka sa, domin tun ranar da numfashinsa ya ɗauke gidan ya zama nasu su duka, duk abin da ya ƙaru na kowa ne. Ka ga yadda siminti da rodi da kwano suka tashi tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023. Wanda aka biya da farashin 2021 ba zai sayi rabin abin da rabonsa ya cancanta ba. Ka rubuta ranar da dalilin kimantawar ɓaro-ɓaro a shafin farko, don kada a ɗauki ta kotu a je a yi rabo da ita.

Samo farashin shi ne wahalar aikin. Kada ka rubuta abin da dillali ya ce ana nema, nemi abin da aka sallama aka biya. Ka samo gidaje uku ko huɗu da aka sayar kwanan nan a unguwar, ka tabbatar a wurin mai unguwa, don da wuya a yi ciniki bai sani ba. Sannan ka koma gidan da idonka a buɗe. Tsaya a bakin taga ka dubi kaurin bango: in ya yi kauri fiye da na bulo, ƙwanƙwasa shi, sau da yawa ginin ƙasa ne aka lulluɓe da fulasta da fenti. Duƙa ka dubi gindin katanga, layin nan mai duhu da fentinsa ke ɓarewa shi zai gaya maka inda ruwa ke kaiwa da damina, ko da ka je a tsakiyar rani. A Gombe kuma kullum ka zagaya baya ka ga nisan gida da kwari, don zaizayar ƙasa ta karya darajar gidaje masu kyau da yawa a garin nan.

Takarda ma kuɗi ce. Gida mai satifiket na gwamna, wanda galibi shekara 99 ake ba shi ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, farashinsa daban da na mai takardar ciniki kawai. In ka ga tsohuwar takarda da sunan Jihar Bauchi kada ka firgita, sai a 1996 aka cire Gombe daga cikinta. Ka dai je GOGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a Jihar Gombe, a duba fayil, a ga ko an jinginar da gidan a banki.

Akwai abin da yara ke yawan tsallakewa: ba duk abin da ke cikin gidan mamaci ne nasa ba. Kayan ɗakin mata nasu ne. Wani ɗakin matar ce ta gina da kuɗin adashinta. Shagunan da ke gaban gidan, wa ke karɓar hayarsu tun 2021? Wannan kuɗin na magada ne duka. In kuma babban ɗan ya ƙara gini da aljihunsa bayan rasuwa, ware shi ka yi masa kuɗi daban, shi ma kada a cuce shi. Ka nemi izini ka ji ta bakin matan da kansu, ko da daga zaure ne, wani nasu yana zaune. Inda baki ya saɓa, rubuta abin da kowa ya ce ka bar wa alƙali, yanke hukunci ba aikinmu ba ne.

Gobe ka koma. Kada ka yi masa faɗa, kada kuma ka kunyata shi gaban mutane. Zauna da shi ka nuna masa lissafin nan a takarda, ka ce maigidanka ya ce farashi ɗaya za mu rubuta, kuma kowane magaji zai sami kwafinsa. In ya ce zai nemi wani, a sauka lafiya, ka karɓi kuɗin awo ka dawo. In ya yarda, taho min da hoton takardun gidan da na bayan katangar, da sunayen masu haya a shagunan.