Ɓerayen Masar Maza Biyu Suna Faɗa a Keji, Me Ya Hau Kaina?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Makka, wajen Shara Mansur. Maigidana ya saya wa yara ɓerayen masar biyu, duka maza, tun suna ƙanana. Da suna zaune lafiya, amma da suka kai wata shida sai faɗa, har babban ya yage wa ƙaramin kunne. Ɗana kuma kiran abokansa yake su zo kallo suna ɗauka a waya. Maƙwabciyata ta ce a fiɗiye su za su daina. Maigida ya ce a sake su waje kawai, tunda a shago ma da sunan alade ake kiransu. Malam, muna da zunubi? Kuma me za mu yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Hajiya, mu fara cire shakkun maigida. Larabawa na ce masa khinziru Giniya, wato aladen Gini, amma ba shi da haɗi da alade. Dangin ɓera ne, asalinsa daga tsaunukan Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya, kuma hukunci yana bin haƙiƙanin abu, ba laƙabinsa ba. Ba ya kuma cikin fasiƙan nan biyar da aka halatta kashewa har a cikin Harami, wato hankaka da shirwa da kunama da ɓera da kare mai cizo, don dalilin kashe su cutarwa ce, wannan kuwa ciyawa yake ci a kejinsa. Ajiye shi don yara halal ne. Ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi a Madina, Annabi (SAW) yana tambayarsa labarin tsuntsun, bai hana ba. Bukhari da Muslim ne suka rawaito.

Sai dai halaccin yana da sharaɗi. Dabba ba mukallafi ba ce, ba a rubuta mata zunubin cizo. Wanda ya rufe mata ƙofa shi za a tambaya. A daji wanda aka fi ƙarfi gudu yake ya tsira, a keji kuwa ku ne kuka toshe masa hanyar gudu. Matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, a hadisin Ibn Umar, laifinta shi ne ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Tsarewa ce ta ɗora mata nauyi. Wannan dalilin shi ne a nan: kun tsare, to kiyaye ƙaramin daga babban ya hau kanku. Abin da ya wuce kafin ki sani, babu laifi a kanki in sha Allahu. Daga yau ne lissafi ya fara.

Zancen yaro da abokansa, a hana shi yau. Abu Dawud da Tirmizi sun rawaito daga Ibn Abbas cewa an hana haɗa dabbobi faɗa. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, Tirmizi da kansa ya rinjayar da cewa mursali ne, wato ba a ambaci sahabi a cikin jerin masu rawaito shi ba, amma fuƙaha ba su yi saɓani a kan munin aikin ba, domin azabtarwa ce ba da wata manufa ba. Yaron da ya saba jin daɗin kukan abin da ya fi shi rauni, zuciyarsa ce take bushewa. Ki yi masa bayani da taushi, ki kuma ba shi aikin kula da mai raunin.

Yanzu, ba kowace hayaniya ce faɗa ba, kuma nan ne masu tausayi suke kuskure. Mazan ɓeran masar idan suka balaga, daga wajen wata huɗu har su haura shekara, dole su tantance wane ne babba. Za ki ga ɗaya yana gurnani yana rangaji da ƙugu, yana hawa ɗan'uwansa, yana binsa da gudu, suna ɗaga haɓa. Wannan ɗabi'arsu ce da Allah Ya halicce su a kanta, Ya ce a Suratul An'am aya ta 38 al'ummai ne kamar ku. Idan kina raba su kina mayarwa kullum, kowace mayarwa sabon zagaye ne. Amma idan haƙora suka fara kaɗawa da ƙarfi, gashi ya tashi, suka cukuikuye suna birgima, ko jini ya fita, ko ɗaya ya hana ɗaya ci, an wuce wancan matakin. Naku sun kai nan. Raba su wajibi ne, don ba a cutarwa kuma ba a ramuwa da cutarwa. Kada ki sa hannu tsirara tsakaninsu, cizonsu yana shiga sosai. Jefa tawul a kan ɗaya ki ɗauke shi.

Rabawar kuma ba kaɗaici ake nufi ba. Dabba ce mai son jama'a, zama shi kaɗai ma cuta ce. Ki raba kejin da raga, ko ki jera keji biyu, su riƙa ganin juna suna jin ƙanshin juna ba tare da haƙori ya kai ba. Mai raunin a kai shi wurin likitan dabbobi, don cizon yakan rufe ta sama ya tara mugunya a ciki. Kada a ba shi maganin mutane na gida, musamman dangin fenisilin, yana iya kashe shi. Likitan ya duba mai cizon ma, sau da yawa ƙwarin fata ko wani ciwo ne ke sa shi zafin rai.

Ina zaton rabin matsalar kejin ne. Waɗanda ake sayarwa tare da su a shaguna ƙanana ne ƙwarai. Maza biyu suna buƙatar fili da ya kai murabba'in mita ɗaya, da komai bibbiyu: mazubin abinci, ruwa, tarin ciyawa, da maɓoya mai ƙofa biyu don kada a ritsa ɗaya a ciki. Kada a kawo mace kusa da su, ƙanshinta kaɗai ya isa ya tayar da rigima, kada kuma a ƙaro namiji na uku. Ga zafin Makka: wannan dabba ta ƙasar sanyi ce, idan zafi ya haura digiri 26 ta fara galabaita, don haka baranda da soro ba wurinta ba ne.

Sai fiɗiya. Asalinta cutarwa ce, ana halatta ta ne don maslaha tabbatacciya. Ibn Abi Zaid a Risala ya ce babu laifi a fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran namansu, kuma an hana fiɗiye dawaki. To mu tambayi masana: fiɗiye ɓeran masar yana hana shi faɗa da ɗan'uwansa namiji? Likitocin dabbobi sun ce ba ya hanawa, amfaninta kawai ya zauna da mace ba haihuwa. Tunda maslahar da maƙwabciyarki take nema ba ta samuwa, saura zafin tiyata da haɗarin maganin barci a banza, don haka ban ga halaccinta da wannan niyya ba. Idan kuwa kun yanke shawarar haɗa kowanne da mace, kuma ba za ku iya da 'ya'ya ba, ya halatta a hannun likita, a jira makonni shida bayan aikin kafin a haɗa su.

Sake su waje bai halatta ba. Ba su san neman abinci ba, ga kuliyoyin unguwa, ga rana. Kisa ne a hankali, kuma tozarta dukiya ne. Suna rayuwa shekara biyar zuwa bakwai, idan kun ga ba za ku iya wannan hidima ba, ku sayar ko ku bayar ga wanda zai iya, ku kuma gaya masa gaskiya cewa sun taɓa zubar da jini, don ɓoye aibi a ciniki haramun ne.

Allah ne Mafi sani.