Ku Tambaya Mu Amsa: Baba, Bagaruwa da Kamun Rini

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haɗa baba da ruwan toka a randa, yau kwana goma ke nan. In na tsoma ƙyalle yakan fito da ɗan shuɗi, amma ina wankewa sai launin ya bi ruwa. Ina na yi kuskure? Daga wani mai karatu a Misau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ruwanka bai nuna ba tukuna. Ganyen baba ba shi da shuɗi a cikinsa. Abin da yake ɗauke da shi wani sinadari ne marar launi, indikan. Sai an daka ganyen ya ruɓa iska ta taɓa shi sannan shuni ya fito. To shi kuma shuni ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa ya kwanta a bayan ƙyallenka kamar ƙura. Aikin randa ko karofi shi ne narkar da shi, masu aikin kuwa ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Su ke cinye iskar da ke cikin ruwan su juya shuni zuwa wani nau'i mai narkewa, mai shiga cikin zare. Da ka fito da ƙyallen, iska ta mayar da shi shuɗi a can ciki, ya maƙale.

Duba ruwan da safe. In ya nuna, za ka ga kumfa mai shuɗi a sama da wani maiƙo-maiƙo mai ƙyalli kamar jan ƙarfe, ƙarƙashinsa kuma ruwan kore ne mai ɗan rawaya. In shuɗi ne har ƙasa, da saura.

Abin da ya fi hana shi nuna shi ne toka. In ta yi yawa sai ta kashe ƙwayoyin, ruwan ya yi santsi sosai a yatsa kamar sabulu. In ta yi kaɗan sai ya yi tsami da ɗoyi. Mai takardar awon kaifin ruwa ya nemi lamba 10 ko kusa da ita. Sai sanyi: da hunturu randar da ke tsakar gida takan yi nawa, a sa ta inda rana ke bugu, a rufe ta da dare. Ƙwayoyin kuma suna son abinci. Tafin hannu ɗaya na dusa ya ishi randa mai lita 20. Motsa da muciya sau ɗaya a rana, a hankali, don bugawa da ƙarfi cusa iska ne.

In ya nuna, jiƙa ƙyallen, ka nutsar da shi minti 5, ka shanya minti 15, ka maimaita. Tsomi goma gajeru sun fi guda ɗaya mai tsawo kamu nesa ba kusa ba. Garin shunin kanti, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, sinadarinsa ɗaya da na ganye, sai dai da soda da wani sinadari mai suna haidirosalfait ake narkar da shi, kuma suna ƙona fata. Kada a taɓa su babu safar roba.

Tambaya: Ina so in rina zanen auduga da rawaya ko karan dafi, amma launin ba ya zama. Me zan ƙara? Daga wata mai ɗinki a Kumo.

Amsa: Hajiya, waɗannan ba irin baba ba ne, suna buƙatar abin da zai ɗaure su da zare. Fata da ulu suna karɓarsu da sauƙi, shi ya sa jan karan dafi yake zama daram a fatar dukawa, amma auduga gardama gare ta. Fara dafa zanen da sabulu don sitacin kanti ya fita. Sannan ki jiƙa shi kwana ɗaya a ruwan dakakkiyar bagaruwa, wannan dai da majema ke jima da ita. Ki matse, ki sa shi cikin ruwan ɗumi da aka narkar da alif, giram 150 ga kowane kilo na busasshen zane, ya sake kwana. Daga nan sai tukunyar rini, wuta kaɗan-kaɗan na awa ɗaya. Ɗan jiƙon kanwa yana taimaka wa karan dafi ya saki jansa. Ki guji tukunya mai tsatsa: ƙarfe da bagaruwa in sun haɗu baƙi suke bayarwa, irin na kulokon dukawa, sai rawayarki ta dushe.

Tambaya: Zoɓo da kurkum fa, ana rini da su? Daga wani ɗalibi a Azare.

Amsa: Suna ba da launi, amma ba ya daɗewa. Jan zoɓo yana juyawa kore-kore da zarar sabulu ko kanwa ta taɓa shi. Ɗiga ruwan kanwa a kofin zoɓo ka gani da idonka. Kurkum kuma kanwa na mayar da shi ja, rana na kodar da shi da wuri. Sun dace da gwaji a aji, amma kada ka rina wa mutum riga da su ka karɓi kuɗinsa.