Wace Ce Matar da Ta Yi Tagumi a Wannan Tsohon Hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan cin karo a Facebook da wani tsohon hoto marar launi na wata mata da ta yi tagumi, yara biyu sun jingina da kafaɗunta sun juya baya, ga jariri a cinyarta. An ce a Amurka aka ɗauke shi. Shin gaskiya ne an taɓa yin irin wannan talauci a can, kuma matar ta amfana da hoton? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Hoton na gaskiya ne. Wata mai ɗaukar hoto mai suna Dorothea Lange ce ta ɗauke shi a watan Maris na 1936, a wani sansanin 'yan ci-rani masu tsinkar koren wake da ke Nipomo a jihar Kaliforniya.

A lokacin Amurka tana cikin matsin tattalin arzikin da ya fara da rushewar kasuwar hannun jari a watan Oktoba na 1929, wanda ya kai ga cewa a 1933 kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu masu neman aiki ba shi da aikin yi. Sai kuma fari da guguwar ƙura suka cinye gonaki a jihohi irin su Oklahoma da Texas da Kansas, har dubban iyalai suka ɗora komatsansu a kan tsofaffin motoci suka nufi yamma neman aikin ƙodago.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Lange ba yawon buɗe ido ta je ba, aikin gwamnati take yi. Gwamnatin Shugaba Roosevelt ta kafa hukumar tallafa wa manoma a 1935, wadda aka sauya wa suna zuwa FSA a 1937, kuma sashen hotunanta a ƙarƙashin Roy Stryker ya baza masu ɗaukar hoto irin su Walker Evans da Arthur Rothstein cikin ƙauyuka, domin mutanen birni da 'yan majalisa su gani da idonsu, su amince a kashe kuɗi. Hotuna kimanin 175,000 da suka ɗauka suna nan a ajiye a laburaren majalisar dokokin ƙasar. Talaucin ba ƙirƙirarsa aka yi ba, amma wanda ke riƙe da kyamara shi ke zaɓen abin da zai nuna. Rothstein ya taɓa gusar da ƙoƙon kan wani mataccen sa zuwa wurin da ƙasa ta tsattsage kafin ya ɗauka, 'yan adawa suka yi ta yamiɗiɗi da maganar a 1936.

Game da tambayarki ta biyu, a ganina a nan gizo ke saƙa. Bayan wata jarida ta San Francisco ta buga hotunan da Lange ta ɗauka a Nipomo, gwamnati ta aika da abinci kimanin kilo 9,000 zuwa sansanin, sai dai kafin ya isa matar da iyalinta sun riga sun ƙara gaba. Lange da kanta ta amsa cewa ba ta tambayi sunan matar ba. Fuskarta ta zagaya duniya shekaru sama da 40 ba a san ko wace ce ba, sai a 1978 wani ɗan jarida ya gano cewa sunanta Florence Owens Thompson, 'yar ƙabilar Cherokee, mai shekara 32 da 'ya'ya bakwai lokacin da aka ɗauki hoton. Ba ma guguwar ƙura ce ta koro ta ba, domin tun shekarun 1920 ta zo Kaliforniya. Iyalinta sun kuma musanta bayanin Lange cewa sun sayar da tayoyin motarsu don sayen abinci. Sun ce motar ce ta lalace suka tsaya gyara.

Matar ta yi ƙorafin cewa ko sisi ba ta samu ba daga hoton. Ita ma Lange ba ta karɓi kuɗin mallaka a kansa ba, tunda kayan gwamnati ne da kowa ke iya bugawa. Sai a 1983, da ciwo ya kwantar da Florence, 'ya'yanta suka nemi taimakon jama'a, mutanen da suka san fuskar suka aiko da dubban daloli da wasiƙu. Ta rasu a watan Satumba na wannan shekarar.