Amsa ga ɗan'uwan da ya tambayi wace kafar labarai ce ba ta da ɓangare

Malam ka tambaya wai me ya sa kowa ke cewa an sayi 'yan jarida, kuma wace kafa ce za ka yarda da ita. To bari in gaya maka abin da na gani da idona a Kano.

Ranar 20 ga Satumba 2023 da kotun zaɓe ta cire wa Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ƙuri'a 165,663 ta ce Gawuna na APC ne ya ci zaɓen gwamna, da daddare muna teburin mai shayin layinmu, rediyo ɗaya muke ji rahoto ɗaya, wallahi ana gamawa wani mai jar hula, ɗan Kwankwasiyya ɓangaren Abba, ya ce ai tashar nan ta karɓi na goro daga APC shi ya sa ta ba lauyansu lokaci mai tsawo, ɗan Gandujiyyan da ke gefensa kuma ya rantse ya ce tun fil'azal tashar ta Kwankwasiyya ce, ba ka ji yadda mai karatun ke magana kamar an yi masa rasuwa ba? Har shayinsu ya huce suna musu. Da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Abba kujerarsa ran 12 ga Janairu 2024, mutum biyun nan dai suka sake zagin tashar, kowa da nasa dalilin.

Ni kaina ba zan wanke kaina ba. A tsakanin shari'o'in nan an turo min wata murya a WhatsApp kan wani ɗan ɓangaren da ba na so, ban ma ƙarasa ji ba na watsa ta guruf uku don ta yi min daɗi, washegari aka gano tsohuwar magana ce aka yayyanka, na ji kunya sosai domin har yayana ya kira ni a kai. Da a ce kan gwanina aka yi ta, na san sai na nemi waye ya ɗauka, yaushe, a ina.

Kafafen da ke da ubangida akwai su, ban musa ba, ga sojojin baka da ake saya wa fili a rediyo su yi ta yaɓa wa mutane magana. Amma sau da yawa son zuciyar a kunnenmu yake. Ni yanzu in labari ya faranta min rai da yawa sai in ajiye wayar tukuna, in jira in ji shi a tasha biyu ko uku, har da wadda nake jin haushinta, kafin in tura wa kowa.